Durɓi ta Kusheyi, makwancin sarakunan Katsina na farko

Duk Bakatsinen da ke zaune a Maraɗi, ko a ƙauyukan da ke bin Gulbi, ya san sarautar Durɓi, domin ya sha jin maroƙa suna ambatonta a ƙofar fada ranar salla. Amma ba kowa ya san cewa akwai wani wuri a karkara mai ɗauke da wannan suna ba, inda aka binne waɗansu manyan mutane tun kusan shekara 700 da suka wuce. Wurin shi ake kira Durɓi ta Kusheyi. Yana cikin ƙasar Nijeriya, a yankin Mani, wajen kilomita 30 gabas da birnin Katsina, tsakaninta da Daura. Wanda ya tashi daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya, kafin ya cika kilomita 100 ya shiga Katsina, daga nan kuwa sauran tafiyar kaɗan ce.

Baƙon da ya isa can ba zai tarar da hubbare ba, ba kuma zai ga dutse mai rubutu bisa kan kowane mamaci ba. Abin da zai gani tuddai ne na ƙasa, aƙalla guda 8, waɗansu manya waɗansu ƙanana, a warwatse tsakanin gonaki da kukoki da manyan duwatsu. Wanda ba a faɗa wa ba yana iya wucewa ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Alhali hannun mutane ne ya tara ƙasar, kwando bayan kwando, bisa gawar wanda suke girmamawa.

Sunan ma ya isa a tsaya a kansa. Kabari da makabarta kalmomi ne da Hausa ta aro daga Larabci, sun shigo tare da malamai da littattafai. Kushewa kuwa, wadda jam'inta shi ne kusheyi, tsohuwar kalma ce ta gida, har yanzu ana jinta a bakin mutanen karkara. Da yake Bahaushe yana ɗaukar sunan gari a matsayin mace, Durɓi ta Kusheyi na nufin garin Durɓi, wannan mai kusheyi, don a bambanta shi da wani. Waɗansu Turawa sun juya sunan da cewa kaburburan babban mai tsafi, amma wannan bayani ne suka yi na aikin Durɓi, ba fassarar kalmomin ba.

Abin da tsofaffi ke faɗi

Bisa ga labarin da aka gada, tun ba a gina ganuwar birnin Katsina ba, a nan Durɓi sarauta take, kuma mutanen da ke riƙe da ita su ake kira Durɓawa. Labarin Bayajida, wanda kowane ɗan makaranta ya sani, ya ce Bawo ya haifi ƴaƴan da suka kafa ƙasashen Hausa, Kumayo kuwa shi ne rabon Katsina. Masu ba da labari sukan sa shi a farkon jerin sarakunan Durɓi, sa'an nan su ambaci Ramba-ramba, da Bataretare, da Jarnanata, har su kai ga Sanau, na ƙarshensu. Jerin yakan sauya daga wannan baki zuwa wancan, wani ya ƙara suna wani ya rage, amma farkonsa da ƙarshensa ba su cika motsawa ba. Akwai kuma masu cewa sunan Katsina kansa na wata gimbiya ce ta Daura, wadda ta auri Janzama, wani sarki na Durɓawa. Mutanen wurin suna danganta tuddan da waɗannan sarakuna, har itatuwa ma sun sami rabonsu na suna, domin akwai kukar da ake kira ta Katsi, an kuma san gurbin da kukar Kumayo ta tsaya kafin ta faɗi.

Ba banza ba ne aka zaɓi wuri mai duwatsu. A ƙasar Hausa ta da, inda duk dutse ya tashi tsakiyar fili, a nan ake cewa iskoki suke zaune, a nan kuma mutane suka fara taruwa, saboda tsaro da ruwan da ke kwanciya a gindinsa. Haka Dala take ga Kano, da Barbushe mai kula da Tsumburbura. Haka Kufena ga Zazzau, haka Kwatarkwashi ga Zamfara. Shugaba a irin wannan wuri ba yaƙi da shari'a kaɗai ke wuyansa ba. Shi ne ke shiga tsakanin jama'a da masu dutsen, ya yi yanka kafin shuka, ya nemi ruwa in damina ta yi jinkiri, ya kore annoba in ta kunno kai. Saboda haka Durɓi na farko sarki ne kuma mai tsafi ne, ba a raba ayyukan biyu ba.

Labarin da ya fi kowane yaɗuwa shi ne na faɗuwar Sanau. An ce al'ada ce a wancan zamani sarki ya fito fagen kokowa, wanda duk ya kayar da shi kuwa ya gaji gadonsa. Sanau ƙaƙƙarfa ne, yana kuma da wani asiri da yake ɗaurawa a jiki, wanda muddin yana tare da shi bayansa ba ya taɓa ƙasa. Sai wani baƙo mai suna Korau ya zo daga Ƴandoto, wani tsohon gari na malamai da fatake a kudu maso yamma, cikin ƙasar Zamfara ta yau. Ya sauka wurin sarki, aka karɓe shi hannu biyu, suka yi abota. A ɓoye kuwa ya shawo kan matar Sanau, ita ce ta tona masa inda ƙarfin mijinta yake, ta kuma raba shi da asirin kafin ranar karawa. Da aka shiga fage, a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada, Korau ya ɗaga mai masaukinsa ya buga da ƙasa, ya zare takobi ya yanka shi. Takobin shi ne Gajere, wanda ya zama ɗaya daga cikin kayan sarautar Katsina. Ƴan kokowar Nijar, waɗanda tun gasar farko ta ƙasa da aka yi a Tawa cikin 1975 suke karawa kowa na neman zama zakara, wanda ake ba takobi, ba za su ji wannan labari baƙo ba, ko da yake a wancan zamani takobin ba kyauta ba ne.

Masana tarihi suna sa mulkin Muhammadu Korau a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, suna kuma ɗaukarsa sarkin Katsina na farko da ya yi Musulunci. Ba duka suka yarda da labarin kamar yadda maroƙa ke faɗinsa ba. Malam Yusufu Bala Usman na jami'ar Zariya, cikin littafinsa a kan tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna cewa kafuwar birni da sarautarsa aiki ne na zamani mai tsawo, na ƙaura da fatauci da haɗuwar garuruwa, ba abin da aka gama a fagen kokowa rana ɗaya ba. Wannan gaskiya ce. Amma akwai abu guda cikin labarin da ya cancanci a riƙe, wato abin da ya faru bayan an kayar da Sanau. Ba a shafe gidansa ba. Sabon sarki ya karɓi mulki, Durɓi kuwa aka bar masa kula da tsafin ƙasa, aka kuma sa shi cikin manyan da ke zaɓen sarki. Baƙo ya ci gari, amma bai iya zama lafiya ba sai da yardar mai ƙasa.

Akwai kuma wata al'ada da Turawan mulki suka rubuta daga bakin mutanen Katsina game da sarakunanta na da. An ce in tsufa ko ciwo ya kwantar da sarki, ba a barinsa ya jira ajalinsa, wani mai sarauta da ake kira Karya-giwa shi ke ƙarasa shi. Sa'an nan a yanka baƙin sa bisa sabon sarki, jinin ya zuba a kansa, a naɗe gawar tsohon cikin fatar a ja ta zuwa kushewa. Mai karatu ya riƙe wannan zance na fata, domin za a sake gamuwa da shi.

Tonon farko, 1907

Shekara ta 1907 shekara ce ta awo da rubutu a wannan yanki. A lokacin ne ayarin Faransawa ƙarƙashin Kyaftin Tilho, tare da na Ingilishi, suke bin daji suna kafa alamun iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, iyakar da ta bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina a hannun Ingila. Tafintan ayarin, Landeroin, ya yi ta zama da tsofaffi yana rubuta jerin sarakuna da labarun yaƙi, abin da aka buga a Pari cikin 1911. A shekarar nan ta 1907 kuma Baturen mulki na Katsina, H. R. Palmer, mutum mai tsananin son labarun da, ya ɗauki ma'aikata ya nufi Durɓi ta Kusheyi don ya ga abin da ke cikin tuddan.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, da hannun Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka ɗora bisa gado a 1906 bayan sun tuɓe Sarki Yero, ya kuma yi mulki har 1944. Abin lura shi ne, kafin ya zama sarki, sarautar da Dikko ke riƙe da ita ita ce Durɓi. Shi Basulluɓe ne, ba jinin Sanau ba, domin bayan jihadi Fulani sun riƙe sunayen sarautun da suka tarar sun raba wa nasu. Duk da haka, tsohon Durɓi ne ya ba da izni aka sa magirbi a kusheyin Durɓawa.

Sun tona, sun sami tukwane da kayan ƙarfe. Daga nan labarin ya zama na baƙin ciki, domin kayan sun ɓace, ba a kuma bar cikakken bayani na yadda aka same su ba: wane ne a sama, wane ne a ƙasa, wane ne kusa da kai, wane ne wajen ƙafa. Ga mai binciken kayan tarihi wannan bayani ya fi kayan kansu daraja. Munduwa da aka fitar daga rami aka ajiye bisa tebur munduwa ce kawai. Amma in an san a hannun wa take, da abin da ke kusa da ita, da zurfin ƙasar da ta rufe ta, to ta zama shaida. Kuma kushewa ba a tona ta sau biyu. Palmer ya yi suna wajen tara labaru, ya kuma yi suna wajen cika giɓinsu da hasashen kansa, yana neman asalin kowace al'ada a Masar ko a Gabas. A Durɓi ya sami damar da ba ta dawowa, bai kuwa ci moriyarta yadda ya kamata ba.

A 1959, shekara guda kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, hukuma ta sa manyan tuddan da kukokin cikin jerin wuraren tarihi da doka ta tsare.

Tono na biyu, 1992

Sai da aka yi shekara 85 kafin a sake taɓa wurin. A 1992 waɗansu masana na ƙasar Jamus, bisa jagorancin Dierk Lange na jami'ar Bayreuth, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, suka tona tuddai 3. A tsakiyar kowane ɗaya sun tarar da gawa guda, kewaye da kaya. Da suka ga kayan sun ruɓe sun manne da juna, har taɓa su da hannu zai wargaza su, sai suka yi abin hankali: suka yanke ƙasar da ke ɗauke da su dunƙule-dunƙule, ba su warware ba, aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye. A can suka zauna shekara 15. A 2007 aka yi yarjejeniya da wani babban gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus, aka kai dunƙulen can, ƙwararru suka yi ta buɗe su sannu a hankali, suna share ƙasa ƙwaya-ƙwaya, suna auna kome suna rubutawa. An nuna wa jama'a kayan a Mainz cikin 2011, daga baya aka mayar da su Nijeriya.

Abin da ya fito ya wuce zato. Akwai kayan ado na zinariya, da ƙarau na hauren giwa, da mundaye da sandunan tagulla da farin ƙarfe, da duwatsun wuya na gilashi da na jan dutse, da wuri mai yawa. Akwai kuma abubuwan da ba a saba samu ba, domin gara da damshi ba su barinsu: guntayen tufa, da itace, da fatu. Cikin ɗaya daga kusheyin an sami wata tasa ta ƙarfe, aikin maƙeran ƙasashen Musulmi na Gabas, wadda salon ƙirarta ya nuna ta ƙarshen ƙarni na 15 ce ko farkon na 16.

Shekarun sauran kuwa da awon karbon aka gano su. Yadda abin yake shi ne, duk mai rai, mutum ko dabba ko itace, yana ɗauke da wani irin sinadari da ake kira karbon 14, wanda daga ranar mutuwa yake soma raguwa bisa ƙa'ida sananniya, rabinsa yakan tafi cikin shekara wajen 5,730. In an auna abin da ya saura cikin guntun fata ko itace, sai a ƙididdige tun yaushe mai shi ya mutu, ba daidai shekara ba, amma kusa. Awon ya kai waɗansu kayan farkon ƙarni na 14. Ke nan an yi kamar shekara 200 ana binne manya a wannan wuri.

A nan ne ƙasa da baki suka haɗu. Tsofaffi sun ce masu mulki ne ke kwance a tuddan, kuma sun riga Korau. Ƙasa ta nuna mutane masu dukiya da iko, waɗanda aka tara musu ma'aikata da yawa don rufe gawarsu, waɗansunsu kuwa sun mutu fiye da shekara 100 kafin zamanin da ake sa Korau. Ba ƙaramin abu ba ne a ce labarin da ba a rubuta ba ya riƙe gaskiyar wuri har ƙarni 7. Amma ƙasa ba ta faɗi suna ba. Wanda ya nuna tudu ya ce wannan Kumayo ne, wancan Sanau, da bakin kakanni yake magana, ba da awo ba. Haka kuma zancen fata: an ce ana naɗe sarki cikin fatar sa, ga shi an sami fatu a kusheyi, zuciya tana son ta ɗaura wannan da wancan nan take. Sai dai fata shimfiɗa ce da sutura ga mutanen da, talaka da basarake, saboda haka ganinta cikin kushewa bai isa ya tabbatar da aikin Karya-giwa ba.

Tasar Musulmi a kushewar arna

Abin da ya fi jan hankali shi ne tasar nan. Musulmi ba ya tafiya da kaya. Likkafani ne kawai, a kwantar da shi bisa gefen dama yana fuskantar alƙibla, a tada ƙasa kaɗan don a gane wurin. Wanda aka rufe da zinariya da hauren giwa, aka tara masa tudu, ba bisa wannan ƙa'ida aka binne shi ba. Amma ga shi da tasar da ta fito daga hannun Musulmi, a daidai zamanin da Shehu Magili ya zo Kano da Katsina, wajen 1493, zamanin da Imam Suyuɗi na Alƙahira yake rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Wato lokacin da ake karanta wasiƙar malamin Masar a fadar birni, a tafiyar yini guda daga nan ana rufe wani babba bisa al'adar kakanninsa. Masu cewa Korau ya zo, Musulunci ya shiga, tsafi ya fita, kamar a kashe fitila a kunna wata, sun gajarta zance. Abubuwan biyu sun daɗe suna zaune kusa da juna, kuma kayan fatake sun riga wa'azin malamai isa waɗansu gidaje.

Kayan ba daga sama suka faɗo ba. Wuri ba a gulbi ko tafki ake samunsa ba, daga teku yake, kafin ya kai wuyan wani a Durɓi ya ratsa hannaye da ƙasashe masu yawa. Babbar hanyar da ta haɗa Katsina da arewa kuwa ta cikin ƙasar Nijar ta yau ta bi, ta Abzin da Agadas. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka Takadda a 1353, ya ga ana narka tagulla ana zuba ta sanduna, ya kuma ce ana kai ta Gobir da Barno. Masana suna ganin kufan Azelik, a yankin In Gal, shi ne Takadda. Shi dai wannan matafiyi ya rubuta wani labari da aka ba shi, cewa in sarkin Gobir ya mutu sai a haƙa masa ɗaki cikin ƙasa a rufe shi tare da waɗansu barorinsa da ƴaƴan manyan gari. Bai gani da idonsa ba, ji ya yi. A Durɓi dai, cikin kusheyi 3 da aka tona da kula, gawa ɗaya-ɗaya aka samu.

Yadda Durɓi ya iso Maraɗi

Zuriyar Korau ta riƙe Katsina har zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A 1807 birnin ya faɗa hannun Ummarun Dallaje da jama'arsa. Sarki Magajin Haladu ya ja da baya zuwa Ɗankama, da aka ci shi da yaƙi a can, an ce ya faɗa rijiya don kada a kama shi. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka nufi Damagaram, suka yi shekaru suna gudun hijira. Wajen 1819, bayan mutanen kwarin Gulbi sun tayar wa wakilan Fulani, aka kira shi ya zo ya zauna Maraɗi. Shi ya sa har yau sarkin Maraɗi sunan sarautarsa Sarkin Katsina.

Masu gudun ba su iya ɗaukar ganuwa ko kushewa ba, amma sun ɗauko tsarin fada dukansa. Manyan nan huɗu da ke zaɓen sarki, Galadima da Ƙaura da Ƴandaka da Durɓi, an sake tsayar da su a sabon gari. Durɓin Maraɗi kuwa ya ci gaba da aikin da labari ya ce an bar wa gidan Sanau, wato shiga tsakanin fada da anna, masu riƙe da al'adun ƙasa na noma da farauta, kamar yadda Iya ke riƙe da ƴan bori. Masanan da suka yi bincike a Maraɗi, irin su M. G. Smith da Guy Nicolas, sun tarar da waɗansu al'adu na fadar Katsina ta da waɗanda a birnin Katsina kanta jihadi ya kawar da su. Saboda haka tarihin Durɓi ya rabu biyu: ƙasusuwa da kaya suna kudu da iyaka, wani sashe na al'adar da za ta taimaka a fahimce su yana arewa da ita. Ɗan makarantar Maraɗi da aka koya wa tarihin garinsa daga Ɗan Kasawa kawai an rage masa shekara 500.

Abin da ke jiran kusheyin da ba su da mai tsaro

Durɓi ta yi sa'a ta hanya biyu. Tsoron iskoki da girman sunan sarakuna sun hana mutane taɓa ta ƙarni bayan ƙarni, daga baya doka ta karɓi aikin. Ba kowace tsohuwar makabarta ta sami haka ba, kuma Nijar ta ga misali a gidanta. A 1975 aka gano kusheyin Bura, a yankin Tera, inda mutanen da suke binne matattunsu da tukwanen yumɓu masu siffar kawuna da mahaya dawaki. Bube Gado na cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta jami'ar Yamai ya tona wurin bisa ƙa'ida a 1983. Da aka nuna kayan a Pari cikin 1993, duniya ta gan su ta yaba, dillalai ma suka gani. Cikin ƴan shekaru aka bi kusheyin yankin da magirbi da dare da rana, talakawan da fari ya matsa suna tonowa suna sayarwa da arha, kayan suna ƙarewa a shagunan Turai. A 1997 gwamnati ta kafa dokar tsare kayan tarihi, a 2000 kuma ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya. Kafin nan an riga an wargaza wurare da yawa.

A ƙasar Hausa ta Nijar, daga Adar zuwa Damagaram, da wuya a sami ƙauyen da ba shi da kufai, ko wani tudu a bayan gari da yara ke tsoron hawa, ko wata kuka da ba a sare ta. Yawancinsu ba mai zinariya a ciki, ba kuma a rubuta su cikin littafin kowace hukuma ba. Abin da ke tsare su shi ne wani tsoho da ya san sunan wanda ke kwance a wurin. Gonaki kuwa suna ƙara matsowa, domin jama'a ta yawaita, garmar shanu tana shiga inda hauya ba ta kai ba, masu yin tubali suna neman ƙasa, zaizaya tana cin gefe kowace damina. Manomin da garmarsa ta tono tukunya ko munduwa, abin da ya kamata shi ne ya bar ta inda take, ya rufe, ya sanar da maigari, shi kuma ya kai magana ga hukuma. Malamin makaranta kuwa, da littafin rubutu guda da yammaci biyu ko uku a ƙofar gidan tsofaffi, yana iya ɗaukar sunan kowane tudu da kowace kuka ta ƙauyen da yake aiki, da wanda ya faɗa masa, da ranar da aka faɗa.